Jaket ɗin gwanjo mai cire ciki: ya yi a hunturu, amma ba na ruwan Agusta ba ne

Jama'a barkanku da sanyi. Tunda hunturu ya fara leƙowa ake ta turo min tambaya a WhatsApp wai wane irin jaket ya kamata mutum ya saya in zai fita kwanan tanti, wasu ɗalibai ne da za su fita aikin fili, wasu 'yan agaji ne masu zuwa sansani, wasu kuma abokan hawan dutse ne kawai, toh bari in rubuta a nan kowa ya karanta ya huta. Jaket ɗin da nake sawa tun bara na gwanjo ne, a kasuwar Sabon Gari na saye shi naira dubu 25, irin wanda 'yan kasuwa ke ce wa tiri-in-wan, wato riga biyu ce aka haɗa da zif, ta waje mai tare iska da yayyafi, ta ciki kuma fulis mai laushi mai riƙe ɗumi. In ka ga dama ka sa su a haɗe, in ka ga dama ka zuge ka sa ɗaya ka cusa ɗaya a jaka. Gaskiya na ji daɗinsa kuma da zai ɓata yau zan koma in nemi irinsa, amma akwai inda ya gaza kuma zan faɗa, ba talla nake yi ba shi ya sa ma ba zan kira sunan shagon ko na kamfanin ba.

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san matsalarmu ba tsananin sanyi ba ne kaɗai, canjawar da yake yi ne a yini ɗaya. A Disamba da Janairu ka tashi da asuba ma'auni yana wajen digiri 13 ko 14, wani lokacin ya sauka ƙasa da haka, ga iska mai bushewa tana shiga har ƙashi, kafin azahar kuma ya haura kusan 30 rana tana dukan ka. Kaga ke nan tazarar digiri 15 ko fiye tsakanin asuba da azahar. Dalili kuwa iskar hunturu daga Sahara take tasowa a bushe, babu laima babu gajimare da za su riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, da rana ta faɗi sai zafin ya tsere sama. To mutumin da ya sayi ƙaton jaket guda ɗaya mai kauri irin na 'yan acaba, da asuba zai ji daɗi ba shakka, amma ƙarfe goma na yi ya shiga uku, in ya bar shi a jiki zufa ta jiƙa shi sharkaf, in ya cire kuma daga shi sai 'yar riga iska ta kama shi. Ɗan acaba a zaune yake kan mashin iska na dukansa, shi ƙaton jaket ya dace da shi. Kai da za ka hau dutsen Kufena na nan Zariya da ƙafa da jaka a baya lissafinka daban ne.

Shi ya sa nake ta nanata wa mutane, riguna marasa kauri guda uku a jere sun fi ƙato ɗaya nesa ba kusa ba. Kuma wallahi wadda aka fi rainawa ita ce ta fi muhimmanci, wato ta can ciki mai taɓa fata. Mu dai mun saba da singiletin auduga, kowa shi yake sawa, a gida ba laifi, amma a tafiyar ƙafa cikin sanyi auduga ba ta da amana. Tana shan zufa ta riƙe, ba ta saurin bushewa, kuma ruwa yana janye zafi daga jiki kusan ninki 25 fiye da yadda iska ke yi. Yadda randa ke sanyaya ruwa saboda 'yar jiƙewar da take yi ta waje iska na bugawa, haka jikinka zai koma da zarar ka tsaya hutawa a saman dutse da jiƙaƙƙen singileti, kana zaune lafiya sai ka ji haƙora sun fara haɗuwa alhali jaket ɗinka mai tsada ne. Abin da ya kamata a sa a ciki poliyesta ne mai dogon hannu, irin yadin jesin 'yan ƙwallo, shi ba ya riƙe ruwa, tura zufar yake yi waje ta bushe. A gwanjo suna nan birjik kuma da araha, ni ma a layin da na sayi jaket ɗin na ɗauki guda biyu. Illarsa ɗaya saurin wari, in ka kwana biyu da shi a jiki na kusa da kai zai sani. Wanda ya yi dace ya samu na ulun merino, wato gashin wata irin tunkiya da aka fi kiwonta a Ostireliya da Niyu Zilan, to ya rungume shi, ulu yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin wari. Sai dai a duba shi da kyau ta fuskar rana domin asu na son shi, ƙananan huji ba sa ganuwa a cikin rumfa.

Mu dawo kan jaket ɗin. Fulis ɗin ciki shi ne ya fi burge ni, matsakaici ne, ba siriri ba kuma ba irin mai kaurin nan ba. Masu yin yadin Polartec a Amurka, waɗanda su suka fara fito da fulis a farkon shekarun 1980, suna raba nauyinsa 100 da 200 da 300, nawa ba nasu ba ne amma in aka gwada zai yi daidai da 200 ɗin, kuma ina ganin shi ne daidai da ƙasarmu. Na 300 sai dai in Jos za ka ko Mambilla. Yadda fulis ke aiki shi ne yana kama iska a tsakanin gashinsa, jikinka ya ɗumama iskar, ita kuma ta tsare ka, ba shi ne ke kawo zafi ba, zafin naka ne yake riƙe maka. Don haka shi kaɗai in iska na kaɗawa ba ya tsinana komai, ratsa shi take yi ta kwashe ɗumin, dole sai an ɗora ta wajen. A daren da muka kwana ta wajen Wusasa kusa da gindin Kufena, da poliyesta a ciki da fulis da ta waje na zauna har dare ya raba ina hira ban nemi bargo ba, abokin tafiyata da ke sanye da suwaita biyu na auduga tun ƙarfe goma ya shige tanti. Da safe da muka fara hawa kuwa tun kafin mu yi nisa na zuge fulis ɗin na jefa a jaka, na bar ta wajen kawai saboda iska, da rana ta ɗaga ita ma na cire na ɗaure a ƙugu. Wannan cirewa da mayarwar shi ne duk amfanin abin. Kuma shawara, ka cire tun kafin zufa ta karyo, ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi-sanyi, minti kaɗan jiki zai ɗau zafi, da ka tsaya hutawa kuma ka mayar nan take kar ka jira sai ka fara rawar ɗari.

Ta wajen tana tare iska sosai, a nan ban da ƙorafi ko kaɗan. Hularta tana da igiyar ja ta baya da ta gefe, tana zama a kai ko da ka sa hular sanyi a ciki, kuma wuyan yana hawa har haɓa, wanda a ƙurar hunturu ba ƙaramin taimako ba ne. Aljihu huɗu, ɗaya a ƙirji ta ciki, a nan nake sa waya domin sanyi na saurin cinye batir. Akwai roba a ƙasan rigar da ake ja ta matse ƙugu, mutane da yawa ba su ma san da ita ba, alhali ta nan ƙasa iska ta fi shigowa.

Inda ya ba ni haushi na farko shi ne alwala. In rigunan biyu suna haɗe, hannun fulis ɗin a maƙale yake da na waje ta wani ɗan maɓalli a wuyan hannu, ka zo naɗe hannu zuwa gwiwar hannu da asuba sai abu ya cunkushe a damtse ya ƙi hawa, ƙarshe sai ka cire duka jaket ɗin ka tsaya a sanyi kana alwala da ruwan da ya kwana a buta. Abin da nake yi yanzu, ba na haɗa su da zif ɗin sam, ina sa fulis daban in ɗora ta wajen daban, lokacin sallah in cire ta waje in naɗe hannun fulis, shikenan. Kuma in za ka saya ka duba bakin hannun, wanda ake mannewa a buɗe ya fi mai roba sauƙin naɗewa. Turawan da suka ɗinka ba su yi lissafin salla biyar ba, mu ne za mu yi wa kanmu.

Na biyu, ba shi da zif a hammata. Jaket masu kyau suna da shi, in ka ji zafi ka buɗe iska ta shiga ba sai ka cire riga ba, nawa babu, kuma yadin ba ya fitar da tururin jiki yadda ya kamata, in na yi tafiya mai ƙarfi da shi a rufe sai in ga cikin ya yi danshi.

Na uku kuma shi ne babba, ruwan sama. A jikin takardar da ke ɗinke ta ciki an rubuta 5,000mm. Wannan lambar ma'auni ce ta yawan matsin ruwan da yadi zai iya tarewa kafin ya fara ɗiga, 5,000 na yayyafi ne da ruwa marar ƙarfi, 10,000 ya fi, masu shiga ruwa mai ƙarfi na tsawon lokaci 20,000 suke nema. Kuma wannan lambar ta lokacin da yake sabo ce, shi kuwa gwanjo Allah kaɗai ya san wankin da ya sha kafin ya shigo dila. Da damina ruwan Agusta ya kama ni da shi a hanyar Samaru, farko ruwan yana gangarewa kamar abin arziki, can sai na ji sanyi a kafaɗu daidai inda igiyar jaka ke dannawa, kafin in kai gida kafaɗu da bayan wuya duk sun jiƙe. Da na juya shi sai na ga 'yar ledar da ake mannawa a bayan ɗinki ta fara ɗagowa a kafaɗa. Kowane ɗinki huji ne na allura, in ba a rufe bayansa da wannan ledar ba ruwa zai bi ta nan komai kyan yadin. Don haka wanda ke neman abin shiga damina, ko zai je Gembu a tsaunin Mambilla inda ruwa ba ya wasa, wannan jaket ɗin ba nasa ba ne. Ya nemi mai Gore-Tex na gaske ko makamancinsa. Shi wannan wani siririn fata ne na roba da Bob Gore ya gano a 1969 aka fara sa shi a kayan sawa wajen 1976, hujojinsa ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya iya shiga amma tururin zufa yana fita. Ana samunsa a gwanjo jefi-jefi, 'yan kasuwar ma yanzu sun waye sun san kuɗinsa. In kuɗi bai kai ba, wallahi rigar ruwa ta leda mai araha ka ɗora a kan komai ta fi ka dogara da jaket ɗin da ledarsa ta mutu.

Shi tsarin riga biyu a haɗe ba sabon abu ba ne, kamfanin Columbia na Amurka ya yi suna da shi tun jaket ɗinsu Bugaboo na 1986, daga nan kowa ya kwaikwaya, shi ya sa za ka gan su iri-iri a kasuwa, masu kyau da na banza, kuma suna a ƙirji ba ya nuna komai domin jabu sun yi yawa. Hannunka da idonka su ne za su faɗa maka gaskiya.

Game da mai shagon, dattijo ne mai haƙuri, ya bar ni na juya jaket kusan duk wanda ke rataye ban ga ya ɓata rai ba, har ya sa yaronsa ya kawo ruwa a leda muka zuba a hannun rigar muka ga yana dunƙulewa yana gangarewa. Na ce masa, Baba wannan zai tare ruwan sama kuwa? Ya ce, ɗana na sanyi na sayar maka, in ruwa kake nema ka dawo ranar da zan fasa sabuwar dila. Kaga bai yaudare ni ba, kuma wannan ya sa nake tura mutane layin. Abin da ban so ba, rumfar duhu gare ta sosai, sai ka fito da kaya waje kafin ka ga tabo, babu madubi, kuma in ka saya ka fita babu canji. Farashi ma sai ka iya ciniki, daga dubu 40 ya fara. Kuma in hali ya yi a saya tun Satumba ko Oktoba, da zarar sanyi ya sauka kuɗin kayan sanyi tashi yake yi.

In ka je, ka juya jaket ɗin ciki ya koma waje, wannan shi ne abu na farko. Ka shafa cikin, in ka ji yana danƙo ko wani farin abu yana barewa yana zuba kamar amosani, ko yana wani wari mai tsami, ajiye shi ko kyauta ne, rufin robar ya ruɓe kuma babu telan da zai gyara. Ka bi bayan ɗinki da yatsa ka ga ledar na nan a manne musamman kafaɗa da hula. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, in ka ga YKK, wato sunan wani sanannen kamfanin zif, a kan marikin alama ce mai kyau. Ka gwada shi a kan rigar da za ka riƙa sawa a ciki, ka ɗaga hannu sama, in cikinka ya buɗe ya yi maka kaɗan, ka rungume hannu in ya ɗaure ka a baya shi ma ya yi kaɗan. Kuma dan Allah kar a sayi mai zanen kakin soja komai arharsa, doka ta hana farar hula sawa, kuma a halin da ake ciki na tsaro ba ka son a gan ka da shi a bakin daji ko a shingen bincike. 'Yan uwa mata masu fita aikin fili, ku ɗauki wanda ya ɗara girmanku da lamba ɗaya mai ɗan tsawo ya rufe ƙugu, poliyesta da fulis su shiga ƙarƙashin hijabi, ta wajen ta hau sama, in rana ta yi ita kaɗai za a cire ba tare da wata wahala ba.

Wasu suna tambaya a kan jaket mai kumburi na gashin agwagwa. Yana da ɗumi sosai ga rashin nauyi, kuma a bushewar hunturu yana aiki, amma da ya jiƙe gashin ya cure ya gama amfani har sai ya bushe, kuma ƙaya ɗaya ta huda shi sai ka ga gashi na tashi. A Zariya ni ban ga buƙatarsa ba. A Jos dai eh, domin garin yana wajen mita 1,200 sama da teku, mu kuma muna mita 600 da wani abu, kuma duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, balle a duwatsun Shere da suka haura mita 1,800. Da na je can da wannan jaket ɗin nawa a Janairu ya riƙe ni da rana da yamma, amma da dare sai da na ƙara siririyar suwaitar ulu a ƙarƙashin fulis ɗin, da hular sanyi da safar hannu, sannan na samu barci. Safa ma a ware ta barci daban busasshiya, kar a kwana da wadda aka yini da ita. Kuma a shimfiɗa abu mai kauri a ƙasa, ƙasa tana jan zafin jiki fiye da yadda mutane ke zato, tabarma kaɗai ba ta isa.

Ƙananan abubuwa da za ka ci karo da su: fulis yana kwasar ƙarangiya da ƙaiƙayi in ka ratsa ciyawa da shi a waje, cirewa aiki ne. A bushewar nan kuma in ka zo tuɓe shi da dare za ka ji yana ƙara tas-tas yana ɗan jan ka kamar lantarki, ba komai ba ne. Ƙura tana cika haƙoran zif ya fara cijewa, tsohon burushin goge baki da ɗan kyandir a goga ya wadatar. Wajen wanki kar a jiƙa shi a omo mai ƙarfi ya kwana, kar a sa bilic ko ruwan laushin kaya, kar a murɗe shi wajen matsa, kar a ba mai wanki ya buga ko ya ɗora masa dutsen guga mai gawayi, ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai a shanya a inuwa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna. Mu mutanen jin ɗumi ne, ana sauka a sansani za a haɗa kara a hura, kowa ya matso. Duk waɗannan kayan, nailan da poliyesta da fulis, roba ne, tartsatsi ɗaya ya sauka ya huda, in kuma wuta ta kama narkewa suke yi su manne a fata, ƙunar ta fi ta auduga muni. Nawa akwai 'yan huji biyu a hannun dama daga tartsatsi. In za ka zauna kusa da wuta ka ja baya, ko ka yafa mayafin auduga ko bargon ulu a sama, a nan ne auduga take da rana. Yara kuma a sa musu ido sosai. Kuma ina roƙon ku da girman Allah kar wanda ya shiga da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki a rufe don sanyi, gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi bai farka ba, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. In sanyi ya yi yawa da dare ka ƙara riga, ka sa hula, ka ci abinci mai zafi kafin ka kwanta, ko ka zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi mai kyau ka naɗe ta da tsumma ka sa a wajen ƙafa.